Babban Rim: Kwalliyar da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Daga tsakiyar Agusta zuwa ɗaukewar ruwa, kakar masu gyaran rim ce. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja a irin wannan lokaci, zai ga rim jingine da bango suna jiran layi, wani leɓensa ya lanƙwashe, wani ya tsage, wani kuma ɓari guda ya fita daga jikinsa. Ni dai in na je irin wuraren nan, lambar da ke bayan kowane rim nake fara dubawa, kuma abin da nake yawan gani shi ne 17 da 18 da 19. Da wuya ka ga mai inci 15 a layin walda. Ba don babu su a gari ba, ai su suka fi yawa a ƙarƙashin motocin haya da ke cin wuyar hanya kullum. Su ba sa zuwa ne saboda ba sa tsagewa da sauƙi.

Dalilin yana rubuce a jikin tayar kowa, sai dai mutane ƙalilan ne suke tsayawa su karanta. Ɗauki Corolla, tunda kusan kowace unguwa akwai ta. Wadda ta zo da rim mai inci 15, za ka ga an rubuta 195/65 R15 a gefen tayarta. Lambar farko faɗin tayar ne, milimita 195. Ta biyu ita ce ta shafe mu: tsayin gefen tayar, daga leɓen rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin ɗari na wannan faɗin, wato kusan milimita 127. Ta ƙarshe kuma girman rim ɗin ne. Corollar da ta zo da inci 16 tana ɗaukar 205/55 R16, gefenta milimita 113. Mai inci 17 tana da 215/45 R17, milimita 97. Sababbin nan masu inci 18 kuwa 225/40 R18 ne, milimita 90 kacal.

Abin lura shi ne, in ka jera tayoyin nan huɗu a ƙasa, tsayinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce santimita ɗaya da ɗoriya ba. Dole ne ya zama haka, domin gurbin da taya ke zama a jikin mota ba ya ƙara girma, kuma maleji da giya duk an auna su da wannan tsayi. Saboda haka duk incin da aka ƙara wa rim, daga jikin taya aka yanko shi. Tsakanin inci 15 da 18 an cinye milimita 37 na roba da iska, kusan kashi uku cikin goma na abin da ke tsakanin ƙarfenka da bakin rami. Ragowar ma ba duka ne naka ba, don nauyin mota ya riga ya danne wani abu daga ciki tun tana tsaye. Haka labarin yake a Camry: wadda aka yi daga 2007 zuwa 2011 mai 215/60 R16 tana da milimita 129, ta 2018 mai inci 19 da 235/40 R19 tana da 94.

Mutane da yawa sun ɗauka faɗawa cikin rami ce take ɓarna. Fitowa ce. Taya ta sauka, sai ta ci karo da bakin ramin na gaba, inda kwalta ta gutsire ta bar kaifi, kuma a nan take karɓar duka da nauyin mota da gudunta. Abu na farko da ke tarar wannan duka shi ne iskar da ke cikin taya. Gefen tayar ya lotsa, ya shanye abin da zai iya, ya miƙa saura ga sifirin da shokozoba. In gefen yana da tsayi, kafin ya gama lotsawa an wuce wurin, sai dai ka ji “dum” ka yi tsaki. In gajere ne, yana ƙarewa nan take, robar ta matse tsakanin kwalta da leɓen rim, ƙarfe ya karɓi dukan kai tsaye. Wannan ita ce ƙarar nan mai kaifi da kan sa duk wanda ke cikin mota ya yi salati.

Yawanci kuma ba leɓen waje da kake gani ne ke tsagewa ba, na ciki ne, wanda ke fuskantar ƙarƙashin mota. Fuskar rim ta waje tana da hannuwa da ke tokare da ita daga tsakiya. Ɓangaren ciki kuwa gangar banza ce, babu abin da ya tallafe ta, kuma iyakar faɗin rim iyakar nisan wannan leɓe daga matallafinsa. Manyan rim ga su da faɗi. Shi ya sa mutum zai sauko bayan ya daki rami, ya zagaya motarsa, ya ga komai lafiya, ya yi hamdala ya wuce, alhali tsagar tana can ciki inda ido ba ya kai.

Sai batun irin ƙarfen. Rim ɗin da tsofaffin motoci suke zuwa da shi, baƙin nan da ake rufewa da murfin roba, farantin ƙarfe ne aka matse aka haɗa. In ya daki abu lanƙwashewa yake, mai faci ya sa guduma ya buge shi ya koma daidai, a ci gaba da tafiya. Rim ɗin aloyi kuwa alminiyam ne aka narka, aka gauraya shi da sinadarin silikon kamar kashi bakwai cikin ɗari da ɗan maganiziyam, aka zuba a mazubi. Bayan ya daskare sai a gasa shi da zafin da ya haura digiri 500, a tsoma shi a ruwa, a sake ɗumama shi na sa'o'i a ƙaramin zafi. Wannan gashin ne ke ba shi ƙarfi. Yana da tauri, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, yana fitar da zafin birki, kuma ana iya zuba shi da kowane irin zane. Amma bai iya lanƙwasa da yawa ba. Matan gida sun san bambancin tun kafin makanikai: kwanon sha in ya faɗi lotsawa yake, tukunyar zubi ta alminiyam kuwa in ta sha duka mai kyau tsagewa take. Ba abin mamaki ba ne, don fasassun rim ɗin da 'yan gwangwan ke saye a kilo, wasu daga cikinsu wurin masu zuba tukwane suke ƙarewa.

Akwai kuma wani hali na alminiyam da ya kamata mai mota ya sani. Yana gajiya. Ba lallai ne rami ɗaya ya gama da shi ba. Wata 'yar tsaga da ba ta kai silin gashi ba za ta fara a yau, kowane juyi na taya ya ɗan buɗa ta ya rufe, sau dubbai a tafiya ɗaya, har ranar da wani ɗan tudun rage gudu na cikin unguwa zai ƙarasa ta. Sai mai motar ya rantse da Allah bai faɗa ramin komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, ramin na watanni uku da suka wuce ne.

To me ya sa kamfanoni ke ta ƙara girman rim? Suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ba ce. Siririyar taya ba ta lanƙwasa sosai a kwana, saboda haka sitiyari ya fi amsawa da wuri. Motoci sun ƙara nauyi da ƙarfi, suna buƙatar faifan birki babba, shi kuma yana buƙatar wuri a cikin rim. Sai babbar hujja, wadda ba a cika faɗa ba: babban rim yana sayar da mota. Amma duk wannan lissafi an yi shi ne da titunan Jamus da Japan da Amurka a zuciya, daga can kuma motocinmu na Beljiyam suke fitowa da takalman da aka ɗinka musu don can. Ko a can ɗin ma, masu irin waɗannan motoci suna kuka da ramukan da sanyin hunturu ke haƙawa, ballantana mu.

Ni abin da ya fi gamsar da ni a wannan magana shi ne abin da masu tseren mota ke yi, mutanen da ba su da matsalar kuɗi kuma ba ruwansu da ado. A gasar tseren rali ta duniya, mota ɗaya ce direba ɗaya, amma in za a yi tsere a kan kwalta sai a ɗaura mata rim mai inci 18, in kuma hanyar burji da duwatsu ce, irin ta Safari a Kenya, sai a sauke su a sa mai inci 15 da taya mai kauri. Mu ma muna da namu misalin. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, rim ɗin ƙarfe ne da ita mai inci 14, gefen tayarta kusan milimita 140, ga doguwar ƙafa. Da ita aka yi jigilar Kano zuwa Maiduguri, da Sakkwato zuwa Illela, da fasinja bakwai da buhuna a baya. Wanda ya yi zamanin nan ya gaya mini sau nawa ya ji an ce rim ɗin 504 ya tsage. Har gobe Hilux ɗin da ake shiga daji da ita, rim ɗin ƙarfe mai inci 16 ko 17 ake sa mata da taya mai tudu, ba don masu ita ba su san kyau ba.

Hanyoyinmu kuma suna da wani tarko na musamman, wanda a ganina ya fi lalatacciyar hanya gaba ɗaya haɗari. Hanyar da ta mutu murus kowa lallaɓawa yake a kanta. Wadda ke kashe rim ita ce mai kyau kilomita ashirin, ka saki jiki ka taka wuta, sai ga rami a tsakiyar layi ba sallama. Tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, an fara sake gina ta a 2018. Ɓangaren Kaduna zuwa Kano ya samu, na Abuja zuwa Kaduna ya daɗe yana jan ƙafa, kuma duk wanda ya bi ta a shekarun nan ya san yadda sabuwar kwalta kan ƙare kwatsam a kan gaɓa mai kaifi. Ƙara da damina, lokacin da ruwa ke shiga tsagar kwalta ya jiƙa ƙasan, tirela ta bi ta kai ta farfasa, sannan ruwan ya cika ramin ya ɓoye zurfinsa. Yaran da ke cike ramuka da jar ƙasa suna ɗaga wa direbobi hannu suna taimakawa na kwana biyu, ruwa ɗaya ya wanke aikin.

Gudu yana da nasa lissafin. Ƙarfin da mota ke tafe da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Direbobin haya suna cewa in ka ga rami ka ƙara wuta mota ta tsallake shi. Akwai ƙamshin gaskiya in ramin gajere ne, taya ba ta samun lokacin sauka ciki. Amma daga bayan sitiyari, da dare, wa ke da ma'aunin tsawon rami? In ya fi yadda ka zata, ka sayi rim da taya, wataƙila har da aikin ƙafa. Abin da ya fi shi ne ka rage gudu tun daga nesa, amma ka saki birki dab da shiga. Taka birki yana tura nauyin mota gaba, ya danne sifirin na gaba, ya bar tayar ba inda za ta gudu in ta daki bakin ramin.

Iskar taya ma a nan take shigowa, kuma nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan'uwanmu masu faci. Da yawa in ka tsaya sai ka ji, “Alhaji, a sa arba'in da biyar ko hamsin?” Lambar da suke gani a jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Abin da take so yana kan 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. In iska ta yi yawa, taya ta zama dutse, ta miƙa kowane duka ga rim da ƙafar mota. In ta yi kaɗan kuma abin ya fi muni, don gefen yana lotsawa har ƙasa da ƙaramin rami. Mai siririyar taya ba shi da rarar da zai yi wasa da ita ta kowane ɓangare. Gejin masu faci kuma, wanda ya sha faɗuwa a ƙasa shekara da shekaru, ba abin dogaro ba ne. Ka sayi naka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi.

Alamar farko ta tsagaggen rim ita ce taya mai sacewa a hankali. Yau ka sa iska, bayan kwana uku ta yi ƙasa. Mai faci ya cire ta, ya duba ƙusa babu, ya canja bawul, bayan kwana uku ta sake sauka. A nan ne za ka ce masa ya kwantar da ita da cikinta a sama, ya kaɗa ruwan omo ya zuba a kewayen leɓen ciki. Ku tsaya ku zuba ido. In akwai tsaga, za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere, a layi ɗaya siriri da ya taso daga bakin leɓen ya nufi cikin gangar, ba daga wuri guda kamar na ƙusa ba. A goge dattin wurin da tsumma, sai ga ta, baƙin zare a jikin farin ƙarfe. Sauran alamun su ne sitiyari mai rawa in ka kai gudun tamanin zuwa ɗari, wanda balansin ya kasa magancewa, da kuma ƙullutu a gefen taya. Ƙullutun nan yana nufin zaren cikin taya ya tsinke a wurin da rim ya matse ta, ba ya faci, kuma tayar da ke da shi tana iya fashewa ko yaushe. Abin da fashewar taya a kan gudu ke yi ba sai an tuna wa kowa ba; ita ce ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, abin da ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta tashi haiƙan a kan batun tayoyi.

In an gano tsagar, tambaya ta gaba ita ce a yi walda ko a canja. Na tsaya na kalli mai waldar da ya san aikinsa, kuma abin sha'awa ne. Da farko zai huda ɗan rami a daidai ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Sai ya gurza tsawonta ya fitar da kwari, ya kankare fenti da datti har ƙarfen ya yi fari tas, sannan ya bi ta da waldar agon ciki da waje, ya gurje tudun yadda bakin taya zai zauna ba tare da iska ta sace ba. Aiki ne mai tsabta. Amma ko shi ba zai iya mayar da gashin da aka yi wa ƙarfen a masana'anta ba. Zafin walda yana kashe wannan tauri a kewayen ɗinkin, shi ya sa rim ɗin da aka yi wa walda in zai sake tsagewa, a gefen ɗinkin yake yi. Masu miƙar da lanƙwasasshe da wutar gas da guduma kuwa, nasu ya fi ban tsoro, domin alminiyam ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe in ya yi zafi. Yana nan da launinsa har ya kusa narkewa a wajen digiri 600, don haka mai aikin da ido kawai yake kintata.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana. Gajeriyar tsaga ɗaya a leɓen ciki, a yi mata walda mai kyau a mayar da rim ɗin sifiya, ko a lallaɓa da shi cikin gari kafin a sami kuɗi. Tsagar da ta taɓa hannun rim, ko ramin noti, ko wadda ta bi kewaye, ko rim ɗin da aka taɓa ɗinkewa sau biyu, wannan na 'yan gwangwan ne. Kuma in za ka sayi na hannu a kasuwa, ka juya bayansa ka shafa leɓen ciki da yatsa. Sabon fenti a ciki, inda ba wanda ke gani, yawanci wani abu yake rufewa.

Sababbi masu ƙyalli da araha, waɗanda ake kwaikwayon zanen Marsandi da Lexus, su ma a yi hattara. Rim na ƙwarai yana ɗauke da girmansa a baya, da nauyin da zai iya ɗauka, da tambarin gwaji irin JWL da VIA na Japan. Na jabu ma sun koyi buga tambarin, sai dai ba su koyi gasa ƙarfen ba. Tsohon rim na asali da aka ciro daga mota, in bai taɓa shan walda ba, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Wanda ya gaji da zaryar wurin mai walda yana iya sauka ƙasa da inci ɗaya ko biyu, kuma ba abin kunya ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi girman da ƙaramin samfurin motarka na wannan shekarar ya zo da shi, ka ɗauki rim da tayar tare, yadda tsayin zai zauna daidai maleji bai yi maka ƙarya ba. Abu uku za a duba. Ramukan noti su dace, don Camry da Accord suna da noti biyar a tazarar 114.3, Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2013 tana da biyar a 100, Marsandi kuma 112, ba sa shiga na juna. Ramin tsakiya ya zauna daram a kan hob. Sannan a ɗaura ɗaya a gaba a juya da hannu a tabbata bai goga birki ba, domin motoci masu babban inji sukan zo da birkin da ƙaramin rim ba zai rufe ba, su kam sai haƙuri.

Akwai abin da za ka rasa. Motar za ta ɗan yi laushi a kwana in kana gudu, kuma samarin unguwa za su daina waiwayenta. Dillalai ma za su ce maka ta fi daraja da manyan, wanda gaskiya ne a kasuwarmu, don haka in kana da wuri, ka wanke su ka ajiye a ɗaki har ranar sayarwa. Abin da za ka samu shi ne mota mai taushin tafiya, boris da shokozoba masu daɗewa, da taya mai rahusa. Taya mai inci 15 ko 16 kuwa ko a Fatika ko a Dambatta ta fashe maka za ka samu a wurin mai facin bakin hanya, 235/40 R19 sai an aiko maka da ita daga Kano a motar haya.